Tuƙa keke a cikin ɗaki: me ya raba na'urar dala 400 da ta dala 2,000?

Abubuwa uku sun faru a 2024 waɗanda suka rikita lissafin masu neman na'urar atisayen keke ta cikin ɗaki. A farkon shekarar kamfanin Zwift, mai manhajar wasan tuƙa keke ta intanet, ya daina sayar da tasa na'urar, Zwift Hub, ya koma tallata ta Wahoo, kamfanin da ya maka shi kotu a 2022. A watan Mayu Zwift ya ɗaga kuɗin rajistar manhajarsa na wata daga dala 14.99 zuwa 19.99. A watan Oktoba kuma hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta yi gasarta ta duniya ta tseren intanet a Abu Dhabi, a kan manhajar MyWhoosh wadda kyauta ce, bayan ta yi gasanni uku na farko a kan Zwift. Wanda ya shiga kasuwar bayan haka sai ya tarar da na'urori masu kama da juna, wata dala 400, wata dala 2,000, kowace da jerin lambobi a jikin kwalinta, kuma wasunsu ma haƙorin giya ɗaya tal gare su. Tambayar da ake ta maimaitawa ita ce, ina bambancin yake, kuma wa ya shafa?

Mece ce na'urar, kuma me ya sa ake cewa tana da ƙwaƙwalwa?

Tun da daɗewa 'yan tseren Turai da Amurka suna da ƙarfen da suke ɗora keke a kai su yi ta taka feda a wuri ɗaya idan sanyi da ƙanƙara sun hana fita. Wancan tsohon ƙarfen bai san komai ba, nauyi kawai yake bayarwa. Ta zamani tana yin abu biyu da wancan bai iya ba. Tana auna ƙarfin da ƙafar mutum ke zubawa, ta aika wa waya ko kwamfuta. Sannan tana karɓar umarni daga manhaja, ta ƙara nauyin feda ko ta sassauta. Idan hanyar da ke kan allo ta fara hawa tudu, feda ta yi nauyi. Idan aka zo gangara, ta saki.

Ana auna ƙarfin da wat, kamar dai na ƙwan lantarki. Mai lafiya da ya saba da keke yakan riƙe wat 150 zuwa 250 na tsawon awa guda. Akwai lambar da masu wannan harka ba sa rabuwa da ita, FTP, wato kusan iyakar ƙarfin da mutum zai iya riƙewa na awa ɗaya. Hanyar da aka fi sani ta gano ta ita ce mutum ya taka iya ƙarfinsa na minti 20, a ɗauki kashi 95 cikin 100 na abin da ya samu. A kan wannan lambar ake gina jadawalin atisaye. A cikin wasa kuwa, manhaja tana haɗa wat ɗin da nauyin jikin da mutum ya rubuta da tudun hanya, ta fitar da gudun ɗan hotonsa da ke kan allo.

Na'urar da manhajar galibi suna magana ta hanya biyu: ANT+, wadda mallakar kamfanin Garmin ce, da Bluetooth. Kowace tana da ƙa'idar da kamfanoni suka amince da ita, FE-C a ta farko, FTMS a ta biyu. Albarkacin waɗannan ƙa'idoji ne na'urar Elite ta Italiya ke aiki da manhajar Rouvy ta ƙasar Cek, ko ta Tacx ta Holan ta yi aiki da TrainerRoad ta Amurka. A riƙe wannan, domin nan ne sabon ruɗanin ya ɓullo.

Iri uku

Na farko shi ne mai matse taya. Ana ɗora keke yadda yake, wani ƙarfe mai juyawa ya danne tayar baya. Shi ne mafi sauƙin kuɗi, kuma yana karɓar kekuna iri-iri. Matsalarsa daga tayar take. Tana cinyewa, tana ƙara, tana santsi idan aka taka da ƙarfi, kuma awon yana canzawa gwargwadon iskar da ke cikinta. Mai irin wannan na'ura, kamar KICKR SNAP, da safe sai ya duba iska, ya murɗa maƙullin matsewa daidai adadin jiya, ya taka na minti goma ta ɗumama, sannan ya ƙure gudu ya ɗauke ƙafa, manhaja ta ƙirga daƙiƙun da tayar ta ɗauka kafin ta lafa. Da haka na'urar ke saita kanta. Wanda ya yi kasalar wannan, lambobinsa na yau ba za su yi daidai da na jiya ba.

Na biyu shi ne wanda ake cire tayar baya gaba ɗaya, a ɗora sarƙar keke a kan haƙoran giyar da ke jikin na'urar. Babu taya, saboda haka babu santsi, ƙara ta ragu ƙwarai, awo ya fi tsayawa. Wahoo, kamfanin birnin Atlanta, shi ya yaɗa wannan da KICKR a 2013, kuma yanzu nan kasuwa ta tattara.

Na uku cikakken keke ne na ɗaki wanda ba ya fita titi, irin su KICKR BIKE da Tacx NEO Bike. Amfaninsa shi ne mutum biyu ko uku a gida ɗaya su riƙa gyara tsayin sirdi suna hawa. Kuɗinsa dubban daloli ne. Zwift Ride da aka fitar a tsakiyar 2024 tsaka-tsaki ne: firam ne na ƙarfe da ake ɗaurawa a kan na'ura iri na biyu.

Yadda kasuwar ta kai nan

An kafa Zwift a 2014, a Kalifoniya, kuma shi ya mayar da atisayen ɗaki daga azaba zuwa wasa, inda dubban mutane ke tuƙi tare a wani tsibiri na ƙirƙira mai suna Watopia. Abin da ya sa ƙwararru suka daina yi masa kallon wasan yara ya faru a 2016. Mathew Hayman, ɗan Ostareliya, ya karya hannu a wani tsere a Beljiyam a ƙarshen Fabrairu. Ya koma garejin gidansa yana atisaye a kan Zwift, bayan kimanin mako shida ya ci Paris-Roubaix, tseren da aka fi sani da wahala saboda hanyoyinsa na duwatsu.

Kullen korona na 2020 ya ƙarasa aikin. Na'urori suka yi ƙaranci a shaguna, aka yi Tour de France ta intanet a watan Yuli, a Disamba kuma UCI ta naɗa zakarunta na farko na tseren intanet: Jason Osborne na Jamus, wanda asalinsa ɗan tseren kwale-kwale ne, da Ashleigh Moolman-Pasio ta Afirka ta Kudu. Da aka buɗe gari, ciniki ya ja baya, kaya suka taru a rumbuna. Ana cikin haka Zwift ya fito da Hub a 2022 a kan dala 499, na'urar da aka gina a kan ƙirar kamfanin JetBlack na Ostareliya. A lokacin da KICKR CORE ta Wahoo ta fito a 2018, dala 900 ake sayar da ita. Wahoo ya kai ƙara yana zargin an keta masa haƙƙin ƙirƙira, aka sasanta a 2023, kuma zuwa 2024 CORE ɗin ta sauko kusan dala 500. JetBlack ya fito da Victory a kan dala 399. Wato abin da dā ake ɗauka na masu hali ne ya dawo farashin tsakiya, kuma iri na farko, mai matse taya, ya rasa babbar hujjarsa ta arha.

Lambobin jikin kwali

Lambobi huɗu ake tallatawa: iyakar wat, iyakar tudu, daidaiton awo, da nauyin faifan ƙarfe. Ba nauyinsu ɗaya ba.

KICKR CORE ta asali tana ɗaukar wat 1,800 da tudu mai kashi 16 cikin 100, wato hawan mita 16 a kowace mita 100. Babbar KICKR wat 2,200 da kashi 20. Tacx NEO 2T wat 2,200 da kashi 25. Manyan masu ƙure gudu a tseren titi na duniya su ne ke haura wat 1,500, shi ma na 'yan daƙiƙu a bakin layi. Saboda haka tazarar da ke tsakanin 1,800 da 2,200 fili ne da mafi yawan masu saye ba za su taɓa takawa ba har na'urar ta tsufa.

Maganar tudu ma haka take, da ƙari. A Zwift akwai wani saiti da ke rage tudun da ake aika wa na'ura, kuma yana zuwa ne a kan rabi. Idan allo ya nuna kashi 10, ƙafa kashi 5 take ji. Wannan bai ƙara wa kowa gudu ba, domin wat ɗin da ake buƙata a kai ƙololuwa yana nan yadda yake. Abin da ya ragu shi ne yawan canza giya. Tudun Alpe du Zwift da ke cikin wasan, wanda aka kwaikwayo daga Alpe d'Huez na Faransa mai lanƙwasa 21, matsakaicin tudunsa kusan kashi 8.5 ne. Na'urar da ke kai kashi 16 ta ishe shi ko da an buɗe saitin gaba ɗaya. Inda lambar ke da tasiri shi ne ga mai jiki mai nauyi da ke tafiya a hankali a kan tudu mai tsini, domin a ƙaramin gudu ne birkin na'ura ke shan wahalar riƙe nauyi.

Daidaiton awo ya fi cancantar a tsaya a kai. CORE tana alkawarin kuskuren da bai wuce kashi 2 ba, KICKR da NEO da Elite Justo kashi 1, SNAP kashi 3, wasu masu arha kashi 5. Ga mai taka wat 250, kashi 2 wat 5 ne, kashi 5 kuma wat 12 da rabi. Idan mutum atisaye yake don lafiyarsa ko don ya ga ci gabansa, abin da yake buƙata shi ne na'urar ta riƙa faɗin abu ɗaya kullum. Sikelin da ke ƙara rabin kilo a kowane awo zai nuna maka ka rame ko ka yi ƙiba daidai da na ƙwarai. A tsere kuwa maganar ta sauya. Idan na'urar wani tana ƙara kashi 2, ta abokin karawarsa tana rage kashi 2, an samu tazarar wat 10 tsakanin mutum biyu masu ƙarfi ɗaya, kuma wannan ya isa ya raba su a kan dogon tudu. Shi ya sa a gasar UCI ta 2020 aka ba kowa Tacx NEO 2T, kuma manyan gasanni ke neman ɗan tsere ya ɗauki awo biyu, ɗaya daga na'ura, ɗaya daga ma'aunin da ke jikin feda, a gwada su. Ko a nan ba a sa ran su zo daidai cif, domin sarƙa tana cin wani abu kaɗan kafin ƙarfin ya isa baya, musamman idan ta yi datti.

Faifan ƙarfe da maganaɗisu

Duk wanda ya taɓa taka keken ɗinki ya san aikin babban wilin nan: da zarar ya ɗauki juyi, shi ke tafiyar da allura tsakanin taku da taku. Faifan da ke cikin na'urar atisaye aikinsa ke nan. Shi ke sa feda ta riƙa wucewa sumul kamar a titi, maimakon a ji kamar ana taka laka. Na CORE kilo 5.4 ne, na KICKR kilo 7.3.

Tacx, wanda Garmin ya saya a 2019, ya bi wata hanya a jerin NEO. Babu faifai mai nauyi; injin lantarki da maganaɗisu ne ke kwaikwayon nauyin. Wannan ya ba ta damar yin abin da sauran ba sa yi: tana karkaɗa feda idan hanyar allo ta hau duwatsu ko gadar katako, tana tura kanta a gangara, ba ta buƙatar saiti, kuma tana aiki ko ba a jona ta da wuta ba, domin daga takun mutum take samun lantarkinta, sai dai turin gangaren ne ke tsayawa. Masu son NEO suna kafa hujja da waɗannan. Masu son faifan gaske suna cewa yadda nauyi ke ɗaukar gudu idan aka miƙe tsaye aka taka ya fi kama da titi. Wannan saɓani ne na ji a ƙafa, ba lamba ce za ta raba shi ba. Sababbin manyan, KICKR MOVE da NEO 3M, dukkansu na 2023, sun ƙara motsi gaba da baya don rage ciwon zama a dogon atisaye. NEO 3M ita ce ta fito a kan dala 2,000.

Yanayi biyu na aiki

A yanayin kwaikwayon hanya, na'ura tana bin tudu da gangara, mutum yana canza giya. A yanayin da ake kira ERG kuwa, manhaja ce ke cewa wat 220 na minti takwas, na'urar ta riƙe 220 ko da wace giya ake ciki. Idan ka sassauta juyin ƙafa, sai ta ƙara nauyi don lissafin ya cika.

A nan ne sabon shiga ke faɗawa tarko. Yana minti na shida, numfashi ya fara sama-sama, juyin ƙafarsa ya sauko daga 90 a minti zuwa 80. Na'urar ta ƙara nauyi. Nauyin ya sa ya sauko 70, ta sake ƙarawa. Kafin ya farga feda ta tsaya cak kamar an zuba mata siminti, yana tsaye a kanta da dukkan nauyinsa. Ba lalacewa ta yi ba, umarni take bi. Abin da ke bambanta na'ura mai kyau a ERG shi ne saurin da take kai wa ga lambar da aka nema ba tare da ta zarce ba, musamman a atisayen daƙiƙa 30 na ƙarfi, 30 na hutu. Wannan ba ya cikin lambobin kwali, kuma ga mai bin jadawali ya fi iyakar wat muhimmanci nesa ba kusa ba.

Haƙori ɗaya, da tambayar wa ke riƙe da makulli

A ƙarshen 2023 Zwift ya fito da Cog da Click. Maimakon tarin haƙoran giya, sai haƙori ɗaya a jikin na'ura, da ɗan maɓalli a hannun keke. Idan aka danna, na'urar ce ke canza nauyi kamar an sauya giya, har hawa 24. Sarƙa ba ta motsawa gefe, ƙara ta ragu, kuma kusan duk keke mai giya 8 zuwa 12 zai hau ba tare da an sayi haƙoran da suka dace da shi ba. Ga gidan da miji da mata ke da keke daban-daban, wannan sauƙi ne na gaske.

Sai dai wannan canjin giya bai bi ta ƙa'idojin FE-C da FTMS da kowa ya sani ba. Ta hanyar Zwift ta kansa ya bi. Da farko wanda ya sayi mai haƙori ɗaya ya buɗe wata manhajar, sai ya ga ba shi da giya, sai dai ya yi ERG. Masu kare Zwift suna cewa kamfanin ne ya kashe kuɗi ya warware matsalar da ta daɗe tana korar sababbin shiga, kuma kamfanonin na'ura irin su Wahoo, Elite da JetBlack da kansu suka rungumi tsarin. Masu suka suna cewa kasuwar ta girma ne saboda kowace na'ura tana aiki da kowace manhaja, kuma ɗaure kayan ƙarfe da rajistar wata-wata, a shekarar da aka ƙara kuɗin rajistar, hanya ce ta hana mutane tashi. Daga baya wasu manhajoji sun samo nasu hanyoyin canza giya, amma abin da ke aiki da wace na'ura yana sauyawa daga sabuntawa zuwa sabuntawa. Abin da ya tabbata shi ne a yawancin waɗannan na'urori ana iya kwance Cog a ɗaura haƙoran giya na gargajiya, wanda ke mayar da ita mai aiki da kowa.

Manhajojin ma ba abu ɗaya suke sayarwa ba. Zwift yana da jama'a, kusan kowane lokaci akwai tsere. Rouvy bidiyon hanyoyi na gaske yake nunawa. TrainerRoad jadawali ne da lambobi, babu tsibiri babu ɗan hoto. MyWhoosh kyauta ce, amma tana son kwamfuta ko waya mai ƙarfi. Manhaja kuma tana iya mutuwa: Wahoo ya rufe tasa, RGT, a 2023.

Abin da ya shafi aljihu da ɗaki

A farashin Zwift na 2024, dala 19.99 a wata ta kama kusan dala 240 a shekara ga mai biya wata-wata. A shekara biyu kuɗin manhaja ya kai na matsakaiciyar na'ura. Wannan lissafin ya fi tazarar kashi 1 da kashi 2 taɓa mai saye.

Sai zafi. Jikin ɗan Adam kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na abin da ya ƙona ne ke isa feda, saura zafi ne. Mai taka wat 200 yana fitar da zafin wat 600 zuwa 800, ga shi babu iskar titi da za ta busar da shi. Ba fanka mai ƙarfi, bugun zuciya zai yi ta hawa, ƙarfi na sauka, mutum ya zaci na'urarsa ce ba ta da kyau. Gumin kuma gishiri ne. Yana ɗiga a kan notocin kan keke, ya shige ƙarƙashin tef ɗin hannu, bayan 'yan watanni a kwance tef a tarar da farin gari ya ci ƙarfen. Tawul da aka shimfiɗa a kan firam yana maganin wannan. An ƙirƙiri waɗannan na'urori ne don ƙasashen da sanyi ke kore mutane cikin gida. Wanda zai yi amfani da su a Kano ko Yamai cikin watan Afrilu, fanka da ruwan sha su ne kayan aikinsa na farko, kuma ɗaukewar wuta a tsakiyar tsere na nufin na'urar da ke jone ta saki nauyi nan take, sai in akwai batir ko irin NEO ce. Ga kuma nauyin kaya: da yawa daga cikin waɗannan na'urori kilo 18 zuwa sama da 20 ne, abin da ke shiga kuɗin jigila ga wanda zai yi oda daga waje, kuma garanti a ƙasar da babu wakilin kamfani takarda ce kawai.

Kafin duk wannan akwai abin da ake yawan mantawa sai kaya sun iso: ko keken zai hau. Na'urorin da ake cire wa taya an yi su ne don kekunan tsere da na dutse, masu faɗin gindi milimita 130 ko 135 a tsohon tsarin maƙulli, ko 142 da 148 a sabon tsarin sandar da ke ratsa firam. Yawancinsu suna zuwa da mazaunin haƙora irin na kamfanin Shimano. Mai giyar Campagnolo ko wasu na SRAM masu hawa 12 sai ya sayi mazauni daban. Keken gargajiya mai giya ɗaya da noti a gindi, irin wanda ake zuwa gona da kasuwa da shi, ba zai zauna a kansu ba.